Inda Goɗiya Ke Tsayawa

Bergur ya ɗora tafinsa a kan goshin jar a-kori-kurar yana shafawa, kamar yadda yake shafa wuyan doki kafin ya taya. Launinta dai yana gani, da girmanta. Takardar da aka manna a gilashi kuwa sai an karanta masa.

"Wannan ita ce mota," in ji shi. "Giyar hannu, ga inji mai numfashi. Sauran duk kayan wasan yara ne."

"To saya ka ajiye a falo," in ji matarsa Steinunn. "Mu riƙa ɗora kofi a kai."

Sölvi, ɗan ƙanwar Bergur, mai sayar da motoci a wannan fili na bakin garin Akureyri, ya kau da kai yana murmushi. Kowa a dangi ya san abin da ya faru a watan Maris. Bergur ya je sabunta lasin tuƙi, likita ya nuna masa haruffa a bango, ya karanta layin sama ya tsaya. Shi ke nan, tuƙin shekara hamsin da huɗu ya ƙare a ɗaki mai warin magani. Ba a yi wata ba tsohuwar motarsa ma ta mutu, kamar ta ji labari.

Ga shi Yuni ya kama. Maƙwabtansu a layin barga duk sun cire wa dawakinsu takalman ƙarfe sun kai su kwari kiwon bazara. Saura nasu biyu, tsohuwar goɗiya Skjóna da ɗanta, kullum kai a saman ƙofa suna shaƙar iska. Ɗansu Hjalti ya bugo daga Reykjavík ya faɗi abin da kowa ke nauyin faɗa: in Mama ba za ta iya jan tirelar dawaki ba, a sayar da su kawai. Ita kuwa Steinunn ƙaramar motarta ta cefane take tuƙawa, ko keken shara ba ta taɓa ja ba.

Tun da safe wani maƙwabci ya jawo musu tirelarsu ta dawaki zuwa filin Sölvi. Aka maƙala ta a ƙugiyar jar motar. Bergur ya laluba ya buɗe ƙofar bayan tirelar.

"Kawu, ina kuma za ka?"

"Inda goɗiya ke tsayawa. Ido aka karɓe mini, ba ƙafa ba. Daga gaba kowace mota daɗi ne da ita. Wanda ke baya shi ya san gaskiyarta."

"In ka karye, mahaifiyata ni za ta yanka."

"Ba kan titi za mu hau ba. Hanyar tsakuwar nan ta bayan filinka, zagaye ɗaya. Rufe ƙofa, yaro."

Yaron da furfura ta cinye wa gemu ya rufe ƙofa.

Steinunn ba ta iya hawa jar motar ba sai da aka tallafe ta daga baya. Ƙafarta da ƙyar take kai kuloci ƙasa, ga gwiwar da aka yi wa aiki bara. Motar ta zabura, ta mutu. Ta sake tayarwa, ta zabura, ta tafi. A cikin tirelar Bergur ya bugu da ƙarfen gaba, ya dawo ya bugu da bango. A kwanar farko ya durƙusa. Da aka buɗe, sai ga shi hula a ƙasa, yana riƙe da kafaɗa.

"Ba laifin motar ba ne," in ji shi.

"Ban ce nata ba ne, tsoho."

"In kika saba..."

"Asabar za a kai dawakin kwari. Kafin in saba, ciyawa ta bushe."

Sölvi ya je ya kawo wata mota mai ruwan toka, ƙarama a kan jar, mai canja giya da kanta. Bergur ko taɓa ta bai yi ba.

"Ƙarfinta zai ja doki biyu har da sauran numfashi, Kawu."

"Motar da ke yi wa mutum tunani," in ji Bergur. Amma da aka mayar da tirelar bayanta, ya ɗauki hularsa ya koma ciki.

Aka rufe. Duhu-duhu ne, sai ɗan haske ta tagar sama. Wurin duk ƙanshin Skjóna, da busasshiyar ciyawar bara. Ya kama ƙarfen da take jingina ƙirji, ya ji gashinta a maƙale. Sai hanyar kwari ta faɗo masa: gwiwar hannu a taga, kogi ta hagu yana kumfa, ƙanƙara ba ta gama narkewa a kan duwatsu ba, Steinunn na miƙo masa gurasa da kyafaffen naman tunkiya ba tare da ya tambaya ba. Ya san kowane rami na hanyar nan. Hannunsa har yanzu ya san inda ake sauke giya kafin gada. Da dai a ce sau ɗaya, sau ɗaya tak, ko da ba komai a baya.

Ya gyara tsayuwa yana jiran a tashi. Sai ya ji tsakuwa na ƙara a ƙarƙashinsa. Ashe tuni suna tafiya.

Tun kwana na da nisa ya ji gudun na raguwa a hankali, kamar ana sauke kwanon madara. Suka karya. Jikinsa ya ɗan karkata, ya dawo. Ya saki hannu ɗaya. A kwana ta biyu ya saki ɗayan. Ya tsaya haka, hannu a sake, ido a rufe, har motar ta tsaya bai san ta tsaya ba.

Haske ya shigo. Steinunn ce ta buɗe da kanta.

"Kana raye?"

"Wa ya koya miki wannan?"

"Skjóna. Shekara ashirin ina zaune gefenka ina jin kofatonta na dukan bango. Duk inda ta doka sai in riƙe a raina: nan ya yi sauri, nan ya taka birki a makare."

Bergur ya tuna yadda goɗiyar ke sauka a kwari kowace shekara jiƙe da gumi, shi kuma yana cewa baƙin hali ne irin na uwarta.

"Ba ki taɓa faɗa ba."

"Na faɗa mana. Rediyo kake ƙarawa."

Sölvi ya ƙirƙiro tari don ya ɓoye dariya. Bergur ya sauko a hankali, yana neman ƙasa da ƙafa.

"Rubuta takardar cinikin wannan," in ji shi.

"Da sunan wa, Kawu?"

"Da sunan direba."

Steinunn ta zagaya ta buɗe ƙofar dama, ta tura kujerar baya saboda dogayen ƙafafunsa. Ya daɗe tsaye a bakin ƙofar. Ba ta ce ya yi sauri ba.

Suka fito daga filin, tirela na biye. Ana kusa da mahaɗar titi, ƙafarsa ta dama ta danna ƙasa tana neman birki. Babu komai a wurin sai sabuwar darduma. Ya bar ƙafar a nan.