Zafin Rijiyar Alu

Alu ya fizgi igiyar injin ban-ruwa kamar injin ne ya zage shi.

"Sa hannu, malam! Sa ka ji!"

Malam Sabi'u, mai koyar da ilimin ƙasa, wanda Alu ya matsa wa har ya biyo shi daga Aliero zuwa gonarsa a Jiga Makera, ya tara hannu a bakin tiyo. Ya janye da sauri. Ruwan da zafi.

A rediyo Alu ya ji cewa a Kenya ana haƙa rijiya har inda ƙasa ke tafasa, tururi ya juya inji, a samu lantarki ba dare ba rana, ba rani ba damina. Shi kuwa rabonsa da wuta har ƙwan lantarkin ɗakinsa ya yi yana, ga fetur yana cinye masa albasa tun tana gona. Ranar da ruwan rijiyarsa ya ƙona masa hannu, sai ya daina ban-ruwa, kada zafin ya ƙare kafin hukuma ta zo. Matarsa Tasalla ta yi faɗa har ta gaji. Ganyen albasa ya kwanta.

"Bar shi ya ɗan gudu, Baba," in ji malamin.

Ruwan ya gudu, ya huce, ya koma sanyi ƙalau.

"Yaushe kaka jin zahin ga?"

"Da azahar."

"Da sahe fa?"

"Da sahe ƙasa ba ta hutawa ne?"

"Wanda aka yin wuta da shi ba shi hutawa, Baba. Kuma sai an yi haƙa mai zurhi ƙwarai. Taka rijiya ko..."

"Tawa mi?" Alu ya cire hula ya maka a cinya. "Da Kenya ta, da kun taho da motoci! Kun hana mu wutar sama, yanzu ta ƙasa ma za ku hana mu? Tahi! Wani malamin zan nema a Jega!"

Ya nufi injin zai kashe. Ruwan kuwa ya riga ya shiga fangali, ƙasar da ta tsage tana sha. Alu ya tsaya, hannunsa a kan makunni, yana kallon albasarsa.

"Ba don maganarka ba," ya ce, ya bar injin yana aiki.

Tiyon baƙi ne, dogo, kuma kullum a rana yake wuni da sauran ruwa kwance a cikinsa.