Gyaran Hannu na Kwana Uku

Baba Maigyara yana kan fayil na talatin da takwas lokacin da Injiniya ta iso da safiyar Alhamis, ta ajiye jakarta a teburin da ke kusa da nasa.

"Baba, ka karya kuwa? Tun shekaranjiya ban ga ka ɗaga kai ba."

"'Yata, tun kina goye nake wannan zama. Ke dai ki shirya."

Ba ƙarya ya yi ba. Mutumin nan bai taɓa zama a aji ba. Da tsintsiya ya shigo kamfanin aika kayan, ya koyi karatu a jikin kwalaye, ya koyi kwamfuta ta bayan kafaɗar masu digiri. Manajoji shida sun zo sun tafi, an rage ma'aikata sau uku, shi yana nan daram. Kod ɗin, wato rubutaccen umarnin da ke sa kwamfutarsu ta yi magana da ta kamfanin jiragen sama, shi ya rubuta shi da yatsu biyu, wata huɗu cur.

Sai ga wannan sabuwar injiniya ranar Litinin. Ta buɗe baƙin allo, ta buga umarni layi ɗaya, ta miƙa wa wata manhaja fayil ɗin da kamfanin jiragen ya bayyana yadda ake magana da kwamfutarsa. Kafin Baba ya gama goge tabarau, fayiloli arba'in masu yin aikin da kod ɗinsa ke yi sun zubo. Manaja ya ce ranar Alhamis za a gwada. In abin ya yi aiki da kansa, kujera ɗaya ta ishi sashen.

Baba ya san kujerar wa ake nufi. Amma ya san abin da na'ura ba ta sani ba: mutanen jiragen nan sukan juya wata da rana wajen rubuta kwanan wata, wani lokacin su aiko bayanin kaya ba su rubuta nauyi ba. Sai ya shiga fayilolin a ma'ajiyar da su biyun ke aiki a kai, yana gyarawa a ɓoye. A saman kowanne an rubuta kada a taɓa da hannu. Ya karanta sarai, ya goge layin. Niyyarsa in an yi nasara ya miƙe ya ce, to ga hannun da ya yi.

"Mutanen jiragen sun aiko sabon bayani da safen nan," in ji Injiniya, "bari in sake fitarwa kafin Manaja ya zo."

Ta danna. Allon Baba ya ƙifta. Fayil ɗin da ke gabansa ya koma fes, gargaɗin nan ya dawo samansa.

"Ina gyarana?"

"Wane gyara?" Ta leƙo, ta dafe baki. "Innalillahi. Baba, a cikinsu ka yi? Duk fitarwa sabo yake hawa kan tsoho. Ka ajiye wani wuri?"

Bai ajiye ba. Ya zauna hannuwansa a cinya. Can ya ce a ransa, ba komai, yanzu abin zai watse a gaban kowa, su san wanda ke riƙe da gidan.

Da Manaja ya shigo, Baba da kansa ya zaɓi kayan gwaji, mafiya rikici da ya sani. Na farko ya wuce. Na biyu ya wuce.

"Ranka ya daɗe, a sa mai juyayyar rana."

Ya wuce. Marar nauyin ma ya wuce.

"Sun gyara waɗannan tun bara waccan, Baba," Injiniya ta ce ƙasa ƙasa. "Yana cikin bayanin."

Manaja ya dafa kafaɗarsa. "Dattijo, ka yi mana ƙoƙari. Ka same ni a ofis ƙarfe biyu."

Bayan Manaja ya fita, Baba ya jawo kujerarsa.

"Nuna mini layin nan. Wanda ya koyi karatu a jikin kwali, wannan ba zai gagare shi ba."

Ta rubuta masa a takarda. Ya buga da yatsunsa biyu, ko harafi ɗaya bai kuskure ba. Fayiloli arba'in suka zubo.

"Kin gani? Sau ɗaya tak!" Ya gyara zama. "To, sai me kuma?"

Ta dubi allon, ta kasa dubansa.

"Shi ke nan, Baba."