Igiyar da Malam Anselmo Ya Dafa da Kansa

Kwana goma sha ɗaya bayan da soja suka ƙwace mulki a Lima, wato ranar Litinin, goma sha huɗu ga Oktoba na shekarar 1968, Malam Anselmo Tananta ya sauka bakin kogi da asuba, ya tarar babu kwalekwalensa. Turken da yake ɗaure shi yana nan kafe a cikin laka, amma jirgi babu shi babu alamarsa. A ƙauyen Yarinal, wanda ke gaɓar Ucayali, tafiyar yini guda daga Contamana in an bi ruwa, maganar juyin mulki ba ta yi kwana uku a bakin mutane ba. Maganar kwalekwalen Malam kuwa ta yi wata guda.

Shekara goma sha bakwai yana koyarwa a makarantar ƙauyen, tun ranar da aka buɗe ta a 1951, kuma a cikin wannan jirgi yake zuwa gonar ayabarsa da wurin kamun kifi. Rashin jirgin ya yi masa ciwo, amma akwai abin da ya fi damunsa. An ce masa a daren da jirgin ya ɓata an ga Nicanor Shupingahua ya bi ruwa ya yi ƙasa, kuma bayan kwana huɗu ya dawo a jirgin haya, rungume da sabuwar rediyo.

Shi kuwa Nicanor ba bare ba ne a wurinsa. Shi ya riƙe 'yar Malam ta fari ranar da aka yi mata baftisma, tun daga ranar suke ce wa juna kumpadire. A ƙasar nan wannan zumunci ya fi na jini nauyi. Wa da ƙane sukan yi faɗa su shirya, amma wanda ya kira kumpadirensa ɓarawo ya yanke abin da ba ya ɗinkuwa.

"Ɗansa ne ya aiko masa da rediyon daga Pucallpa," in ji matarsa Otilia, tana ɓare rogo. "Kowa ya sani, sai kai da ka fi kowa ilimi."

"Kin ga ɗan da idonki?"

"Kai ka ga ɓarawon da naka? Tsoho, in kana so ka sani, ka yi abin da mutane ke yi. Ka je ka tambayi igiya."

Igiyar daji take nufi, wadda ake kira ayawaska. Tun kafin zamanin roba, kafin ma Turawan mishan su hau kogin, ita mutane ke sha idan abu ya ɓata ko ciwo ya ƙi jin magani, ta nuna musu abin da ido bai gani ba. Malam Anselmo bai taɓa kai ta bakinsa ba. Shekara da shekaru yana gaya wa ɗalibansa cewa camfi ne na mutanen da ba su san ilimin kimiyya ba. Wannan kaɗai ya isa ya hana shi. Ga kuma na biyu: duk Yarinal mutum ɗaya ne ya iya dafa ta, ya iya waƙoƙin da ake rera wa mai sha, kuma mutumin nan shi ne Nicanor.

Ya kwana biyu yana juya maganar, sai ya ga mafita. Kakarsa, wadda ta rasu a 1931, gwanar dafa igiya ce, kuma yana yaro ya sha zama kusa da murhunta. Abin da tsohuwar da ba ta san baƙi ba ta iya, ai bai kamata ya gagari mai takardar shaidar koyarwa ba.

Ranar Asabar, da Otilia ta tafi gona, ya ɗauki adda ya shiga daji, ya dawo da abin da ya tuna. Tukunyar da ta fi girma a gidan ita ce wadda Otilia ke jiƙa bandar kifi mai gishiri a ciki. Ya ɗauraye ta sau ɗaya, ya ɗora. Bai manta ba cewa masu sha sukan ƙaurace wa gishiri da barkono da naman alade kwanaki kafin su sha, domin an ce uwar igiya, wato aljanar da ke cikinta, ba ta shiri da su. Sai dai ya sa wannan a cikin jerin camfe-camfe, har da rana ya ci ragowar kifin da ya kwashe daga tukunyar, don kada ya lalace.

Da la'asar ruwan ya tsotse, ya koma baƙi mai kauri. Kowane yaro a Yarinal ya san cewa sai duhu ya yi ake sha, a kashe fitila, a zauna shiru. Malam ya ga babu hikima a cikin haka, domin mai bincike yana bukatar haske ya rubuta abin da ya gani. Ya sa farar rigarsa ta zuwa aji, ya zauna a gaban tebur a baranda, ya ajiye agogo a dama, littafin rubutu a hagu. Littafin yana nan har yau a wurin jikokinsa, ga abin da ke shafin farko:

"Huɗu da rabi. Na sha kofi ɗaya. Ɗaci marar misali.

"Biyar saura kwata. Babu komai.

"Biyar daidai. Babu komai. Kamar yadda na sha faɗa.

"Biyar da minti biyar. Na ƙara kofi ɗaya, don adalci."

Layi na biyar ya fara da "Biyar da", daga nan alƙalamin ya gangara har ƙasan shafi.

Abin da ya faru shi ne, layukan littafin sun ɗaga kai suka dube shi. Ɗaya bayan ɗaya suka sulale daga takarda, suka zama ƙananan macizai masu launin kore da ja, suka bi ta hannun rigarsa. Katakon baranda ya fara numfashi. Taswirar Peru da ke rataye a bango ta jiƙe, kogin Ucayali ya malalo daga cikinta ya bi ta ƙarƙashin tebur, ga ɗalibansa talatin da biyu sun zama kwaɗi, sun jeru a gaɓa suna rera jadawalin bakwai, kuma duk sun yi kuskure a bakwai sau takwas. Ya buɗe baki zai gyara musu, sai cikinsa ya riga shi magana.

A haka Otilia ta same shi da magariba, a durƙushe a bakin baranda, ya rungume ginshiƙi, yana amai yana ba wani haƙuri.

"Wa kake ba haƙuri?"

"Kaka," in ji shi da ƙyar. "Ga ta nan da ludayi. Tana shinshina ni."

Otilia ta leƙa tukunya, ta dubi mijinta, ta ajiye kwandon rogo, ta fita da sauri. Ya ji ƙarar takunta a kan tsani, ya gane inda ta nufa, ya so ya hana ta, amma harshensa ya yi masa nisa.

Nicanor ya zo da taba a bayan kunne da damin busasshen ganye a hannu. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, ba ya gaggawa a kan komai. Ya tsaya ya ƙare wa tebur da agogo da littafi kallo.

"Sannu da aiki, kumpadire. Ashe ka shigo makarantarmu? Da ka faɗa mini ai da na ajiye maka benci a gaba."

Malam ya yi nishi.

"Ƙarfe nawa ya sha, kumadire?" Nicanor ya tambayi Otilia, don haka ake kiran matar kumpadire.

"Ka duba littafinsa, ai ya rubuta."

Nicanor bai iya karatu sosai ba, amma ya san lambobi. "Huɗu da rabi! Rana na kallonsa! Har kofi biyu?" Ya je ya sunkuya a kan tukunya, ya ja numfashi, ya ɗago a hankali. "Kumadire, wannan ba tukunyar kifinki ba ce?"

"Ita ce."

"To ai uwar igiya ta yi masa sauƙi. Ka gayyaci mace gidanka, ka ba ta abinci a kwanon kare, sannan ka ce ta yi maka duba? Kumadire, kama shi nan, mu shigar da shi. Ki kashe fitilar nan."

Suka kwantar da shi a tabarma. Nicanor ya kunna taba, ya hura masa hayaƙi a tsakiyar kai da tafin hannu, ya fara kaɗa ganyen nan a hankali, yana fito, daga baya fiton ya zama waƙa. Malam Anselmo ya sha jin wannan waƙa daga nesa, yakan ce hayaniya ce. Yanzu sai ya ga waƙar da idonsa: wani zare ne mai haske, macizan nan duk suka bi shi suka jeru, suka bar hannun rigarsa. Kogin ya koma cikin taswira. Duk lokacin da amai ya taso, sai ya ji tafin hannu mai kaushi ya tallafe masa goshi.

Da hankalinsa ya ɗan dawo, ya tuna abin da ya sa ya sha. Ya tattara sauran ƙarfinsa, ya yi tambayar a zuci, da ladabi irin na mai rubuta wa hukuma takarda: wa ya ɗauki kwalekwalena?

Duhu ya tsage. Wata fuska ta fito a cikin jan haske, kusa da tasa ƙwarai, hayaƙi na fita ta hancinta. Fuskar Nicanor ce.

"Na gan ka!" Malam ya yi ihu. "Kai ne!"

"To wa za ka gani? Awa biyu ina zaune a kanka ina zuƙar taba."

"Kai ka ɗauki jirgina! Kai ka sayar ka sayi rediyo!"

Ganyen ya tsaya. Otilia, da ke bakin ƙofa, ta dafe bakinta. Ba a jin komai sai kwaɗin gaske a bakin kogi. Sannan ganyen ya ci gaba da kaɗawa, Nicanor ya ɗauki waƙar daga inda ya ajiye ta, bai fasa ba sai da Malam ya yi barci.

Da gari ya waye Malam Anselmo ya farka da jiki kamar an daka shi a turmi, kuma bai manta ko kalma ɗaya ba. Otilia ta miƙa masa ruwa ba tare da ta dube shi ba.

"Zai dawo da gishiri," ta ce. "Ka san abin da zai tambaye ka."

Ya sani. A Yarinal, duk abin da mutum ya faɗa igiya na riƙe da shi, maganar igiya ce, ba a kama shi da ita. Amma da safe wanda ya yi masa waƙa yakan ɗora masa gishiri da lemon tsami a harshe, ya tambaye shi abin da ya gani. Amsar da ya bayar a lokacin, ita ce tasa, ita ce kuma za ta zaga gari.

Ya zauna a baranda yana auna abin kamar yadda yake auna amsar jarrabawa. Ya tambaya, an nuna masa fuska. Amma fuskar tana ɗakin tun kafin ya tambaya, kuma jan hasken na iya zama wutar taba. Shin wanda ya sace maka jirgi zai tallafe maka goshi kana amai? Ya duba tarihin da ya sani, ya ga an yi waɗanda suka aikata fiye da haka. Ya duba kuma ya ga an yi waɗanda aka zarga a banza. Hujja ba ta rinjayi hujja ba. Abu ɗaya kawai ya tabbata a wurinsa: jirgi ana sassaƙa wani.

Nicanor ya hawo tsani, riƙe da gishiri a ganye da rabin lemo. Bai yi wasa ba yau. Ya gaida Otilia, ya tsuguna a gaban Malam, ya matsa lemon a kan gishirin, ya ɗora masa a harshe. Ya jira ya haɗiye.

"To, kumpadire. Me ka gani?"

Malam Anselmo ya gyara wuyan farar rigarsa, wadda ba fara ba ce kuma.

"Macizai," ya ce. "Da kakata. Da 'yan ajina sun zama kwaɗi."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Ba su iya bakwai sau takwas ba."

Nicanor ya ƙura masa ido. Sannan ya zaro tabar bayan kunnensa, ya juya ta a yatsu.

"Haka take yi wa 'yan aji ɗaya," ya ce. "Ba ta nuna musu abin kirki." Ya miƙe, ya karkaɗe gwiwa. "Akwai wani itace a bayan tafki da zai yi kwalekwale, na daɗe ina kallonsa. Mutum biyu za su kayar da shi a yini guda, in ɗayan ba malamin makaranta ba ne. Da kai sai mu ce yini uku."

"Asabar mai zuwa?"

"Asabar. Ka zo da gatari. Kumadire, ki duba masa wanne ne gatari, kada ya zo mini da alƙalami."