Rabin Sakainar Inna Kaltum

Inna Kaltum ta sauke buhun geron a bakin Zauren Bunu, ta zauna a kai sai da numfashinta ya dawo. Karo na uku ke nan tana zuwa daga ƙauyensu Kunci, kuma ƙafafun nan ba na yawo ba ne yanzu.

Alhaji Bunu, wani attajiri ɗan asalin Barno, shi ya gina zauren tun kafin a haife ta, domin Allah. In damina ta tsananta, rumbuna suka ƙare, sai mutum ya kawo abin da yake da shi ya jinginar, a auna masa gero. Babu ƙari, babu wa'adi. A fasa sakaina biyu, a ɗaura rabi a jikin kayan, mai kaya ya tafi da rabi. Ranar da ka dawo da geron, ko jikanka ne ya kawo, in sakaina ta haɗu, kayanka naka ne.

Shekarar yunwa uwar Kaltum ta kai tasarta ta tagulla, wadda aka yi mata gara da ita. Kafin su farfaɗo Alhaji ya rasu, magada suka garƙame zauren suka koma birni. Tsohuwar ta mutu tana maganar tasar nan, ta bar wa Kaltum rabin sakaina a ƙulle cikin tsumma.

Bana aka buɗe. Mutanen hukuma suka zo suka gyara azara, suka kafa allo, suka ce wurin tarihi ne. Tasar kuwa tana cikin akwatin gilashi, an goge ta tana walƙiya, rabin sakainar na rataye a jikinta.

Malam Basiru mai kula da wurin ya fito ya durƙusa ya gaishe ta. Yaron yana da ladabi, abin da ya fi ba ta haushi ke nan. Ya sake gaya mata abin da ya faɗa wancan karon, cewa duk abin da ke ciki ya zama na kowa, ba shi da ikon fitar da ko allura. Ta ce ta je wurin dagaci, ya tura ta sakatariya, sakatariya suka ce sai birni, to birnin wane ne a ciki ya san uwarta?

Ta kwance tsumman. Ya buɗe akwatin, ya kara rabinta a ɗaya rabin, suka haɗu cif. Sai idonsa ya yi haske. Ya ce wannan shi ne abin da suka rasa, in ta ba su a ajiye tare, baƙi za su ga yadda ake yi a da, har sunan mahaifiyarta za a rubuta.

"Yadda ake yi a da, a karɓi gero a ba mutum kayansa," in ji ta. "Ku ginin kuka tsare, alkawarin kuka bari ya rushe."

Ta miƙa hannu, ya mayar mata da rabinta.

Ta ja buhun da kanta har bakin tsohon rumbun da ke bayan zauren, ta juye geron ciki, yana ta ce mata ba a zuba komai a nan.

"Uwata ta biya. Ka shaida gaban Allah."

Ta naɗe buhun, ta ƙulle sakainar a haɓar zani, ta nufi bakin titi jiran motar Kunci. Ta san ba za ta ƙara zuwa ba.