Ukun Vello a Kwando na Bakwai

Filin jifan faifai na ƙauyenmu kwanduna tara ne, kuma takwas daga ciki ba su taɓa ɓata wa kowa rai ba. Na bakwai ne abin magana. Yana tsaye a tsallaken tafki, a kan wani ɗan tudu mai itatuwa masu farin ɓawo. Daga wurin tsayawa zuwa gare shi mita ɗari da ashirin ne, kusan duk ruwa. A allon da ke gefe an rubuta uku, wato wanda ya iya wasan da jifa uku ya kamata faifansa ya faɗa kwandon. Ita muke ce wa ƙa'ida, kowane kwando da tasa.

Ni nake kula da filin tun da na ajiye tuƙin tarakta. Ina yanke ciyawa, ina shafa mai ga sarƙoƙin da ke rataye a saman kwanduna don tare faifai, ina tsamo fayafayan da suka faɗa ruwa da wata doguwar manjagara. Kowa yana rubuta sunansa da lambar wayarsa a cikin faifansa, in na tsamo sai in kira mai shi. Waɗanda ba a zo an karɓa ba na jera su a bangon rumbuna, kusa da duwatsu masu huji da nake tsinta da wani tushen itace mai kama da tsohuwa tana dariya. Akwai wani shuɗin faifai da ya shekara biyu a ƙarƙashin ruwa, dodon koɗi ya yi gida a cikinsa, ban kira mai shi ba. In watan sha ɗaya ya kama, sai in tuge kwandunan duka tara in kai rumbu don kada sarƙa ta yi tsatsa. Ba sa fitowa sai ƙasa ta yi laushi a watan biyar. Haka na yi ta yi shekara bakwai, ba wanda ya ce in yi, ba wanda ya ce in bari.

Abokina Vello ne ya zana filin, shi ya yanka wa kowane kwando ƙa'idarsa a wani ɗan littafi. Bai ga an kafa ko ɗaya ba. Ya rasu a watan huɗu, muka kafa su a watan biyar, muka kwafe lambobinsa a alluna yadda ya bar su.

Matarsa Leida ba ta taɓa riƙe faifai ba sai bayan rasuwarsa. Shekarunta saba'in da uku a lokacin da nake ba da labari. Kowace safiya takan fito da faifanta rawaya guda ɗaya da filas ɗin kofi, ta bi kwandunan ɗaya bayan ɗaya. Jifanta mita arba'in ne in iska ta taimaka. A sauran takwas ɗin ta taɓa cika ƙa'ida ko da sau ɗai-ɗai ne. A na bakwai kuwa dole ta kewaya ta bakin tafki, ta cikin itatuwa, ta gama da jifa shida, ko biyar in ta taki sa'a. Duk ƙauyen haka muke yi. Wanda ya yi zuciya ya nufi kwandon kai tsaye, manjagarata ce ke jiransa.

Takan zauna a kan kututture ta zuba mana kofi tana kallon tsallake.

"Kawu Endel," haka take kirana don tsokana, alhali ta girme ni da shekara, "mutumin nan kafaɗarsa ta dama ko bokitin ruwa ba ta ɗauka. Ya kuma ce uku. Ko dai cika baki ya yi mana ya tafi, ko kuwa akwai hanyar da ban gani ba."

Nakan ce mata wataƙila alƙalaminsa ne ya zame. Sai ta ce Vello bai taɓa rubuta abin da bai yi da hannunsa ba, ni ma na sani, in daina yi mata maganar 'yan tarakta.

A wannan kakar 'yarta Merike ta yanke cewa uwarta ba za ta sake yin hunturu ita kaɗai tana faskare ba. Ta gyara mata ɗaki a gidanta a birnin Tartu, ta ce za ta zo da mota ta ɗauke ta ƙarshen watan sha ɗaya. Leida ba ta musa ba. Ta dai ƙara yawan zuwa kwando na bakwai, wata rana sau uku, tana gwada kusurwoyin da ko zomo ba ya bi.

Ana cikin haka sai ga Tauno. Ƙwararre ne, yana wasa har a ƙasashen waje, hukumar gundumarmu ta roƙe shi ya duba filayen ƙauyuka ya daidaita ƙa'idojinsu. Dogo ne, mai ladabi, da jaka cike da fayafayai kusan ashirin a bayansa. Ya tsaya a wurin jifa na bakwai, ya ja da baya taku uku, ya saki. Faifan ya tashi a kan ruwan kamar bai san da nauyi ba, ya karkata dama, ya komo hagu, inuwarsa tana binsa a ƙasa, ya sauka taku biyar daga kwandon. Da jifa na biyu sarƙa ta yi ƙara.

Leida ta ce da ni a hankali, "Wannan uwarsa da nonon barewa ta shayar da shi."

Tauno ya zauna tare da mu ya yi mana bayani. Ya ce wannan kwandon wasa biyu ne a wuri ɗaya. Ga irinsu uku ta yi sauƙi, biyu suke nema. Ga wanda hannunsa ba ya tsallake ruwa kuwa, uku ba ƙa'ida ba ce, zalunci ne, domin babu inda zai ajiye jifansa na fari. Ya ce lamba ɗaya ba ta auna hannu biyu. Zai rubuta uku don ƙwararru, biyar don masu kewayawa, kuma da wannan lissafi Inna Leida ta daɗe da cika ƙa'ida.

Leida ta gode masa, ta ba shi baƙin burodi da kifi. Sannan ta ce, "Ɗan nan, biyar ɗinka mai kyau ce, ka rubuta wa jama'a. Ni ukun mijina nake nema."

Tauno ya juyo gare ni ya tambayi irin ƙarfin hannun marigayin. Na ce bai kai na matarsa ba. Ya daɗe yana kallon ruwan, ya ce to shi dai bai gane ba. Ya bar mini lambarsa, ya ce in na gano in gaya masa, abin zai tsaya masa a rai.

Watan sha ɗaya ya kama, na fara tuge kwanduna. Da na zo na bakwai da sassafe, sai na tarar tafkin ya yi ƙanƙarar farko, siririya kamar gilashin taga, hazo na kwance a kanta. Ina da wata ɗabi'a tun ina yaro: in na ga sabuwar ƙanƙara sai na wurga mata tsakuwa. Na wurga. Tsakuwar ta tafi tana tsalle tana kuka, tsiw, tsiw, tsiw, irin kukan tsuntsun da ba a taɓa gani ba, ta zame har tsakiyar tafkin, inda hannuna ba zai taɓa kai ta ba.

Na tsaya da shebur a hannu. Na taɓa jin wannan kukan a daidai wurin nan, amma da murya mai kauri. Sai hazon ya zama kamar labule, na ga Vello a cikin jibgegiyar rigarsa ta fatar tunkiya, yana tafiya a kan ruwa da tsohon bokiti a hannu. A watan ɗaya muka auna filin nan. Leida tana Tartu lokacin, Merike ta haihu. Ƙasa ta daskare ba ta haƙuwa, shi ya sa bokiti muke ajiyewa a madadin kwando. Ni nake riƙe igiyar awo ina ƙorafin yatsuna. Shi kuma ya yi ɗan jifansa na mai ciwon kafaɗa, faifan ya taɓa ƙanƙara ya yi ta sulɓi yana waƙa, ya bi shi da ƙafa har tsakiyar tafki ya sake jefawa. Ya ciro littafinsa ya rubuta uku. Bai tuna cewa ruwa yana narkewa ba. Ni ma ban tuna ba, sannan na shekara bakwai ina ɓoye kwandon a rumbu a daidai lokacin da hanyarsa take buɗewa.

Na mayar da ƙasar da na fara tonewa, na tafi gidan Leida. Na same ta tana naɗe kofuna a tsofaffin jaridu. Na gaya mata duka. Ta ajiye kofin hannunta, ta zauna.

"Wato kai ne kake kulle mini ƙofa duk hunturu, Kawu Endel."

"Tsatsa nake gudu."

"Tsatsa tana kanka," in ji ta.

Saura ƙanƙarar ta yi kaurin da za ta ɗauki mutum. Merike ta ce a waya ba za a sa uwarta ta hau tafki ba. Leida ta ce mata to ta zo ta ɗauki kofuna, ita tana nan. Da ƙyar aka daidaita a kan ƙarin mako biyu, ranar Lahadi ta biyu a watan sha biyu, ko ƙanƙara ta yi ko ba ta yi ba.

Kowace safiya nakan huda ƙanƙarar bakin tafkin in auna kaurinta da yatsu. Biyu. Washegari biyu da rabi. Sai iska ta juyo daga teku, aka yi kwana huɗu ana yayyafi, tafkin ya koma baƙi, kwandon a tsallake yana ɗigar ruwa shi kaɗai. Leida ta ci gaba da ɗaure akwatuna. Sannan sama ta washe, sanyi ya sauko irin mai sa gashin hanci ya manne. Uku. Huɗu. Ranar Asabar tafin hannuna duka ya shige ramin har da ɗoriya, na taka har tsallake na dawo, ƙanƙarar tana gurnani can ƙasa kamar saniya a barci. Dusar ƙanƙara ba ta zuba ba tukuna, fuskar tafkin sumul. Na kira Tauno.

Ranar Lahadi da hantsi mu huɗu ne: ni, da Leida, da Merike wadda ta bar motarta a kunne, da Tauno da ya tuƙo awa biyu. Rana tana can ƙasa-ƙasa, ja, ba ta da niyyar hawa. Leida ta sa wa takalmanta ƙusoshin hana santsi. Tauno ya ce ta jefa ƙasa-ƙasa, a kwance. Ta ce masa ta ga yadda mijinta yake jefa wa kaji hatsi shekara arba'in da shida, ta san hannunsa.

Ta jefa. Faifan rawaya ya yi tafiyarsa ta kullum, ya sauka, amma bai tsaya ba. Ya yi ta sulɓi yana juyi yana wannan kukan, itatuwan tsallake suna mayar masa da amsa, har ya ƙanƙance ya zama kamar gwaiduwar ƙwai a tsakiyar faranti. Muka bi shi a hankali, Merike tana riƙe da gwiwar hannun uwarta. A ƙarƙashin ƙafafunmu ana ganin ciyayin ruwa a tsaye, da kumfa da ta daskare a hanyarta ta fitowa, da wani jan faifai can ƙasa da manjagarata ba ta taɓa kaiwa ba. Leida ta tsaya a tsakiyar tafkin ta waiwaya ko'ina. Ta ce ba ta taɓa ganin ƙauyen daga nan ba.

Jifa na biyu ya zame har gaɓa, ya hau busasshiyar ciyawa, ya kwanta taku shida daga kwandon. Taku shida ba kyauta ba ce, ta sha ɓarar da irinsa. Ta cire safar hannu ta miƙa wa 'yarta, ta hura wa yatsunta iska, ta yi jifa na uku. Sarƙoƙin sun yi fari da daskararriyar raɓa, da faifan ya buge su sai raɓar ta tashi kamar gari, faifan ya ɗan rataya, sannan ya faɗa ciki.

Leida ta je ta ciro shi, ta goge da hannun riga.

"Ashe bai yi cika baki ba," ta ce. "Wauta dai ya yi."

Tauno ya ce shi ma bari ya gwada hanyar marigayin. Ya koma ya yi jifa ƙasa-ƙasa, faifansa ya wuce tudun gaba ɗaya ya shige cikin kara a can ƙuryar tafkin, ya gama da huɗu. Leida ta ce kada ya damu, za a yanka masa biyar.

Kafin ya tafi ya gyara allon da hannunsa: ƙwararru uku, masu kewayawa biyar. Ya tambaye ni me za a rubuta game da hunturu. Na ce ya bar tsohuwar lambar a inda take, wanda ya zo da ƙanƙara zai gane.

Leida ta shiga motar 'yarta da faifan a kan cinya. Ta sauke gilashi ta ce in na sake tuge wannan kwandon za ta aiko a tuge ni. Tun daga wannan shekarar kwanduna takwas kawai nake kaiwa rumbu. Na bakwai yana kwana a waje, sarƙarsa ta fara ja a ƙasa-ƙasa, ina shafa mata mai duk ranar Asabar.