Keken Lukuman Ba Ya Tsayawa

Tun ranar da wani bajimin sa ya danne Lukuman da bango a Abattoir, babbar mayankar Jos, gwiwarsa ta dama ba ta sake zama tasa ba. Mai ɗori ya yi iya yinsa, ƙafa ta miƙe, tana taka ƙasa, amma da ya ɗora ta a kan feda sai ta ce ba da ita ba. Shi kuwa da feda yake ci. Tun yana saurayi aikinsa ke nan: ya karɓi nama a hannun mahauta da sassafe, ya ɗaure a keke, ya raba wa masu abinci kafin rana ta ɗaga. Kuma Jos ba gari ne na mai ciwon gwiwa ba, ka gama wannan hawa ka tarar da wani yana jiranka.

Ba wanda ya kore shi, kuma da ma korar aka yi da ta fi sauƙi. Sai dai ya iso a makare, gumi sharkaf, a tarbe shi da "sannu, ya ƙafar?", ya leƙa ya ga nama tuni yana tafasa, ɗan acaɓa ya kawo. Haka suka zame masa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage saura Madam Nkiruka, mai gidan abinci a Titin Bauchi, gefen jami'a. Ita ma haƙurinta ya zo wuya.

"Lukuman, ni ba na son magana plenty," in ji ta, tana goge hannu da zani. "Kai ba ka taɓa cire nama na ko small ba, na sani. Amma students ba ya cin sorry. Monday, idan wuta na ya kama, nama bai zo ba, na kira okada. Finish."

Ya dawo gida Nasarawa Gwom yana tura keke. Ba ya iya wata sana'a. In Madam ta sake shi, abin da ya rage masa shi ne zaman benci a bakin Abattoir, yana jira wani ya tuna da shi. Matarsa Hasiya ta saurare shi har ya gama, ta shiga ɗaki ta jawo ɗan ƙaramin janaretonsu, wanda wanta ya ba su, ta dire a gabansa.

"Ka ce Musiliu ya taɓa cewa injin wannan zai iya jan keke."

"Da wasa ya faɗa. Kuma in NEPA ta ɗauke fa?"

"Fitilar ƙwai ba ta mutu ba. Ɗauki ka tafi."

Musiliu mai gyaran janareto ne, Bayarabe haifaffen unguwar, mutum ne da bai taɓa ganin abin da ba zai iya ba sai bayan ya kwance shi. Ya zagaya keken, ya zagaya injin, ya yi tsaki, ya ce, "Oga Lukuman, wannan ai ƙaramin aiki ne." Ƙaramin aikin nan shi ya cinye musu mako. Suka raba injin da ɓangaren da ke ba da wuta, suka kai wa mai walda ya kafa shi a kan kariyar baya. Nama kuwa aka yi masa kwandon ƙarfe a gaba. Musiliu ya samo wani tsohon rim ya ɗaure a jikin wayoyin tayar baya, ya zagayo da bel na injin niƙa daga bakin inji zuwa rim ɗin. Bel na farko ya tsinke, na biyu ya yi ta zamewa yana wari, sai da aka ƙara ja da inji baya sannan ya kama. Jan makunnin da ake kashe janareto da shi kuma aka jawo masa waya aka ɗaure a kan hannun keke, daidai babban yatsa.

Duk wannan a gaban Baba Mahdi aka yi shi. Zaurensa na kallon shagon Musiliu a layin su Lukuman, kuma tun da ciwo ya kwantar da shi a nan ake shimfiɗa masa tabarma ya sha iska. Tsohon mahauci ne, shi ya kai Lukuman Abattoir yana ɗan saurayi, shi ya ba shi keken nan ma. Jiki ya ƙare, baki bai ƙare ba.

"Lukuman, na ba ka keke mai kunya, ka mai da shi fitsararre."

"Baba, gwiwa ce ta jawo."

"Na sani, ɗan nan. Ranar da ka fara ɗaukar nama da shi, ka tsaya a ƙofata in sa masa albarka. Kada ka wuce ni kamar ɗan acaɓa."

"Zan tsaya, Baba."

Saura saiti, kuma nan Musiliu ya fi ƙwarewa. Ya ɗaga keken a kan sitan ɗinsa yadda tayar baya ta bar ƙasa, ya ja igiya, inji ya tashi, taya ta kama juyi. Ya durƙusa da sukudireba a kan kafireto, ya karkata kai, ya rufe ido. Ya murɗa kaɗan, inji ya yi tari. Ya mayar, inji ya yi kuka. Ya kashe, ya cire fulogi ya duba bakinsa, ya ce mai ya yi yawa. Ya rage baƙin mai a cikin fetur, ya sake ƙarawa. Har ya kai inda yake so, inji ya riƙe murya ɗaya ƙyam, ba hawa ba sauka.

"Ka ji?" in ji shi, fuska cike da alfahari. "Da ƙwan lantarki ne a jikinsa, ko ƙiftawa ba zai yi ba."

To, ai matsalar ke nan, amma ba wanda ya gane a cikinsu. Musiliu duk rayuwarsa abin da yake nema a inji shi ne kada ya hau kada ya sauka, don kada ya ƙona wa mutane talabijin. Ɗan ƙarfen nan da suke kira gwamna, mai riƙe inji a gudu ɗaya, a wurinsa shi ne mutuncin inji, ko a mafarki ba zai cire shi ba. Ya yi wa keke saitin janareto.

Sai ranar Lahadi da yamma, da Lukuman ya hau, abin ya fito fili. Musiliu ya ja igiya, ya turo shi daga kan sitan, keke ya fizge shi kamar akuyar da ta tsinke igiya. Ya matse birki, roba ta yi ƙauri, inji ya ƙara nishi ya ci gaba da ja. Gudu ɗaya gare shi, ba ƙari ba ragi. Da ƙyar ya tuna da jan makunnin, ya danna, ya tsaya a bakin kwata yana haki. Suka ɗaga, suka ja igiya, shiru. Suka ja har hannun Musiliu ya yi ja. Inji in ya yi zafi ba ya tashi sai ya huce don kansa, kuma ba ya gaggawar hucewa.

"Yana son kuloci da wayar totur," in ji Musiliu, murya ta yi ƙasa. "Ka ba ni mako ɗaya."

"Gobe Litinin, Musiliu."

"To oga, shawara ɗaya ce. In ka tashi, kada ka kashe sai a ƙofar Madam. Ko me ka gani."

Da asuba Lukuman ya fita, yana tura keken har Abattoir don kada ya ƙona mai a banza. Sanyin Jos ya shiga gwiwar kamar ana soka allura. Yanka ya yi jinkiri a ranar, kamar da gayya, kafin a gama fiɗa a auna na Madam rana ta fito sosai. Ya loda kwando, ya rufe da buhu. Mahauta biyu suka riƙe masa keken suna dariya, wani ya ja igiya, aka turo shi.

Ya riga ya tsara hanya tun jiya. Tsakiyar gari ba ta biyuwa, cunkoson motoci zai tsayar da shi. Sai ya zagaya ta bayan gari ya ratsa Nasarawa Gwom, ta layinsu, inda ya san kowane rami da kowace kwana, ya ɓulle Titin Bauchi. Kuma abin ya yi! Hawan da ke sa shi sauka ya tura, keke ya haye shi ko a jikinsa. Iska na dukan fuskarsa, ƙafarsa mai ciwo tana hutawa a kan feda, yara na bin sa da ihu. Rabon da ya ji daɗi irin wannan tun kafin bajimin nan ya danne shi. Ya tuna alkawarin Baba Mahdi, ya ce a ransa zai ɗaga masa hannu yanzu, in ya dawo ya tsaya a sa albarka a tsanake.

Yana shan kwanar layinsu ya ga mutane cike da hanya. Fararen riguna, shiru, suna tahowa a hankali. A gaba makara ce a kan kafaɗu, an lulluɓe ta da tabarma. Mai riƙe da gaban dama Sharafaddeen ne, babban ɗan Baba Mahdi. Tabarmar ma ya san ta.

Ba sai an gaya wa kowa abin da ake yi ba. In ka haɗu da gawa, mai mota yana tsayawa, mai keke yana sauka, mai shago yana miƙewa, ko ba ka san mai ita ba ka bi ta 'yan taku ka yi mata addu'a. Balle wannan. Babban yatsan Lukuman ya hau kan jan makunni da kansa. Danna ɗaya ne. In ya danna, inji zai mutu, ba zai tashi ba sai rana ta take, ga kwando cike da nama, ga hawan Titin Bauchi a gaba, ga gwiwa. Ya ga wutar Madam tana ci, ya ga bencin bakin Abattoir, ya ga Hasiya da fitilar ƙwai.

Bai danna ba.

"Hanya! Ku yi haƙuri! Ba ya tsayawa! Ba ya tsayawa!"

Mutane suka dare, dattawa na tattare riguna suna faɗawa gefen kwata. Masu makara suka ja da baya a ruɗe, makarar ta karkata har sai da wani ya kai hannu ya tare. Ya wuce ta gefenta, kusa ƙwarai, inji na kururuwa, hayaƙi na bin sahun masu jana'iza. A cikin fuskokin da suka wuce ya ga ta Musiliu.

Wutar Madam Nkiruka ba ta gama kamawa ba ya iso. Ya danna makunni, inji ya mutu nan take, ba gardama. Madam ta fito tana tafa hannu.

"Chineke! Lukuman, kai ne da wannan? Ka ga, yau ka riga gawayi na ma. Gobe haka, ka ji? Kullum haka." Ta duba fuskarsa. "Me ya sa kana kuka? Iska ne?"

"Iska ne, Madam."

Ya ɗaga keken ya ja igiya don ya koma ko zai samu binnewa. Ya ja, ya ja, har kafaɗa ta gaji. Sai da inji ya huce don kansa, kuma kafin nan an daɗe da dawowa daga maƙabarta.

Tun daga bakin layi ya kashe shi, ya turo. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar Baba Mahdi, maza na zaune. Ya jingine keken nesa, ya cire takalmi, ya durƙusa a kan gwiwar da ba ta durƙusuwa. Ya shirya wa zagi, har so yake a zage shi. Sharafaddeen ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Kada ka damu, Lukuman. Musiliu ya yi mana bayani, ya ce laifinsa ne, abin ba ya tsayawa. Allah ya tsare ba ka ji ciwo ba. Cikin dare ya cika, mun aika gidanka ka riga ka fita. Jiya ma sai da ya yi maganarka."

Dattawa suka yi ta yi masa sannu. Wani har ya matsa masa wuri a tabarma. Wannan sannun ta fi masa zagi ciwo.

Da ya tashi, ya tarar da Musiliu tsaye a jikin keken. Bai ɗago ba. Ya sa yatsa a kan jan makunnin ya danna, ya saki, ya sake dannawa, yana sauraren ɗan ƙaran da yake yi.

"Madam ta karɓa?" ya tambaya.

"Ta karɓa. Ta ce gobe ma."

Musiliu ya gyaɗa kai. Ya dubi tabarmin da suka cika rabin hanya, inda za a yi ta zaman makoki har sadakar uku, sannan ya dubi Lukuman.

"Kuloci sai mako mai zuwa, oga. Gobe ta ina za ka bi?"

Lukuman ya dubi layin daga wannan kai zuwa wancan. Ya san amsar, Musiliu ma ya sani. Babu wata hanya sai ta nan.