Harafin da Ba a Furtawa

Kofur Attahiru ya dawo Kalgo daga yaƙin Bama na zamanin Turawa da Turanci a bakinsa, ba a takarda ba. Shekara bakwai ya yi yana hidima a ɗakin cin abincin hafsoshi, kunnensa ya kwashi abin da ya kwasa. Zaurensa na jingine da katangata, saboda haka abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba.

Bayan la'asar magidanta ke taruwa wurinsa koyon Turanci: masu sayen gyaɗa, da Hamidu masunci, da Basharu mutumin Malisa, mai 'ya'ya uku, wanda aka yi wa alkawarin aikin malamin gona in ya kawo shaidar ya iya Turanci. Attahiru ya rubuta masa shaida da hannunsa. Basharu ya kai ta Gwandu, aka dawo masa da ita ko ninkinta ba a warware ba. Aka ce makarantar da hukuma ba ta amince da ita ba, takardarta ba takarda ba ce.

Ni ban ga laifin hukuma ba a nan. A shekarun nan duk wanda ya iya "gud monin" sai ya jingina allo ya tara mutane yana yaudararsu. Dole a tantance. Sai dai tantancewar ba ta san Attahiru ba.

Sharuɗɗan da aka aiko su ne: tagogi biyu, benci, rajista, jadawalin darasi manne a ƙofa. Duk ya yi, ni na ba shi azarar tagogin. Na ƙarshe shi ne malami mai shaidar koyarwa, kuma wanda ba shi da ita kada ya koyar da ko kalma guda a ɗakin. Ya tambayi yadda ake samun shaidar. Aka ce sai wanda ya gama makarantar Midil. Ya tambayi yadda ake shiga Midil. Aka dubi furfurarsa kawai.

Haka aka turo Malam Lukuman, saurayi mai ladabi, ba ruwansa. Attahiru ya koma waje gindin taga, aikinsa buga ƙarfe in lokaci ya yi.

Ran nan aka zo kan sunan wuƙa. Ashe a Turanci akwai harafin k a gabanta, ana rubuta shi amma ba a furta shi. Malam Lukuman ya ce, "Kanaif." Aji ya amsa, "Kanaif." Na ga Attahiru ya runtse ido kamar an taka masa yatsa.

Da aka tashi ya ja Malam Lukuman gefe.

"Malam, k ɗin nan ba a faɗarta. Naif ake cewa. Sau dubu an aike ni ɗauko ta."

"Baba Kofur, ga ta a littafi. Da ba a so a faɗe ta, da ba a ɓata tawada ba. Haka malaminmu ya koya mana."

Aji ya rabu biyu. Hamidu ya samu abin yi, kullum sai ya leƙo ta taga: "Kofur, taka wuƙar ba ƙota, ta malam da ƙotarta ta zo!" A yi dariya. Attahiru sai ya ci gaba da aikinsa. Amma magana ta fita gari cewa Kofur na gyara karatu ta taga, kuma maganar Kalgo ba ta kwana ba ta isa Gwandu ba.

Ranar Laraba mai duba makarantu ya iso, Malam Siddiƙu, da jakarsa da hatimin hukuma a ciki. In ya buga, Basharu da sauran sun sami takarda. In bai buga ba, sai wata shekara, aikin kuwa ba zai jira ba. Ya auna tagogi. Ya duba rajista shafi-shafi. Sannan ya ɗauki alli ya rubuta kalmar nan a allo, don ya san abin da ya kawo shi. Ya nuna Basharu.

Basharu ya miƙe. Ya dubi allo, ya dubi Malam Lukuman. Sai wawan, Allah ya yafe mini, ya juya taga.

"Baba Kofur, wanne ne?"

Malam Siddiƙu ya tako har bakin taga.

"Kofur, kai ma kana koyarwa a nan ne?"

Ina tsaye bayan katangata, ina kallon Attahiru. Kalmar na bakinsa, 'yar guntuwa, numfashi ɗaya. Ya ƙame kamar yana gaban hafsa.

"Ranka ya daɗe, ni ba malami ba ne. Ƙarfe nake bugawa."

"Ba ka san amsar ba ke nan?"

"Ban sani ba."

Basharu ya sunkuyar da kai ya ce, "Kanaif."

Malam Siddiƙu ya san daidai, na rantse ya sani, don na ga yadda ya cije leɓe. Ya buɗe takardarsa ya bi ta da yatsa daga sama har ƙasa. Akwai gurbin taga, akwai na benci, akwai na shaidar malami. Ba gurbin abin da ya ji. Ya hura hatimi ya danna.

Aka fito ana barka, Hamidu har da tafi. Basharu ya ratso mutane ya nufi gindin taga, ya durƙusa.

"Baba, ni fa na san..."

Attahiru bai dube shi ba. Idonsa na kan Malam Siddiƙu da ke ɗaure jakarsa a bakin zaure.

"Tashi ka matsa daga nan," in ji shi a hankali. "Bai tafi ba tukuna."